Gida biyu maganin gobara? Labarin 'yan'uwa biyu da suka ciyo wa Hungari zinare a kan ƙanƙara

A watan Fabrairun 2018 na tafka kuskuren da ɗan kasuwa ba ya yi sau biyu. Na sauka a Guangzhou ana saura kwana uku bikin sabuwar shekarar 'yan Chaina, wanda a waccan shekarar ya faɗo ranar 16 ga wata. Duk mai zuwa sari ya san abin da hakan ke nufi. Shaguna a garƙame, masana'antu sun sallami ma'aikata, dillalin da ke maka rawar ƙafa ya tafi ƙauyensu ya kashe waya. Ni da abokin tafiyata, wani Alhaji mutumin Maraɗi, muka zauna a otal muna cin guzuri, daga ɗaki sai masallaci, daga masallaci sai gidan cin abincin Musulmi.

Ranar 22 ga wata da daddare muka sauko ƙasa, muka tarar da ma'aikatan otal ɗin sun yi dandazo a gaban talabijin, har da mai gadi. Ashe wasannin Olamfik na hunturu ake yi a Koriya ta Kudu, kuma ɗan ƙasarsu Wu Dajing bai daɗe da cin zinare a tseren mita 500 ba. Shi kaɗai ne zinaren da Chaina ta samu a waɗannan wasanni. Muka ja kujeru, tun da ba mu da wurin zuwa. Can sai aka shiga tseren ƙarshe na daren, na ƙungiya-ƙungiya: Koriya ta Kudu, Chaina, Kanada da Hungari. Mu dai ba abin da muke ganewa, sai mutane a sunkuye suna zagaye fili kamar an harba kibiya, ma'aikata kuma suna ta ihu. Da aka kammala, ihun ya mutu. Chaina ta zo ta biyu. Kyamara ta hasko wanda ya ci, wani saurayi ya ɗaga hannuwa yana kururuwar murna.

Alhaji ya dube ni ya ce, "To, ba cewa aka yi Chaina ta sha kaye ba? Ga ɗan Chaina can yana murna."

Yaron da ke karɓar baƙi ya latsa wayarsa, ta fassara mana: uban ɗan Chaina ne, uwar 'yar Hungari. Su biyu ne ma, wa da ƙane. Sunan babban Shaolin Sándor Liu, ƙaramin kuma Shaoang Liu.

Alhaji ya yi dariya ya haye sama. Ni kuwa na daɗe a zaune. Shekarata ashirin da ɗoriya a Kumasi ina sayar da takalma da jakunkuna. Matata haifaffiyar garin ce, 'yar Gana gaba da baya. 'Ya'yana idan sun je Kano ana ce musu 'yan Gana, idan kuma faɗa ya haɗa su da yaran unguwa a Kumasi sai a ce musu 'yan Najeriya. Tun daga daren nan nake bibiyar labarin samarin nan biyu, ni da ban san wata ƙanƙara ba sai ta firij.

Wane irin tsere ne wannan?

Bari in fara da bayanin wasan, don mai karatu ya san nauyin alƙaluman da za su biyo baya. Ana kiransa tseren ƙanƙara na gajeren zango. Fili ne na daskararren ruwa a cikin rufaffen gini, tsawonsa mita 60, faɗinsa mita 30. A ciki ake shata da'ira mai siffar ƙwai, zagaye ɗaya mita 111.12. Ɗan wasa yana sanye da takalmi mai dogon ƙarfe a ƙasa, siriri kamar bakin wuƙa, da hular kwano, da rigar da ƙarfe ba ya yanka ta da sauƙi. Idan ya zo shan kwana sai ya kwanta ta hagu har yatsunsa su taɓa ƙanƙara, kamar ɗan acaɓa a shataletale. Gudunsu yana kai kilomita 45 zuwa 50 a awa, kuma mutum huɗu, biyar ko shida ne a cunkushe wuri ɗaya, kowa yana neman ƙofar da zai kutsa.

Tsere uku ake yi na mutum ɗai-ɗai: mita 500, wato zagaye huɗu da rabi, mita 1,000, zagaye tara, da mita 1,500, zagaye 13 da rabi. Sai na karɓa-karɓa, wanda na maza mita 5,000 ne, zagaye 45, mutum huɗu a kowace ƙungiya. A nan babu miƙa sanda. Wanda zai karɓa yakan shigo gaba ya sunkuya, na baya ya sa hannu biyu ya tura shi da ƙarfi, gudun da ya tara ya koma jikin ɗan'uwansa. Wanda bakin ƙarfensa ya fara taɓa layi shi ya ci. Amma fa alƙalai suna duba bidiyo bayan an gama. Wanda ya ture wani, ko ya tare hanya da hannu, ko ya sauya layi ya jawo karo, sai a soke nasararsa. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Tun 1992 wasan ya zama cikakken wasan Olamfik, kuma Koriya ta Kudu da Chaina da Kanada ne suka fi cin kasuwarsa. Hungari ba ta cikin lissafi. Ƙasa ce a tsakiyar Turai, mutanenta ba su kai miliyan 10 ba. Masu son ƙwallo sun san ta da Ferenc Puskás, ta kuma yi suna a iyo da wasan takobi. A wasannin hunturu kuwa, tun 1924 take zuwa, amma lambobi shida kacal ta tara kafin 2018, azurfa biyu da tagulla huɗu, duk a wasan nuna salo a kan ƙanƙara. Ta ƙarshe a 1980 ta same ta. Zinare ko ɗaya babu.

'Ya'yan baƙo a Budapest

Daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa 1992, ɗan Chaina ba ya buƙatar biza kafin ya shiga Hungari. Dubban mutane suka kwararo, da yawansu da kayan sayarwa: tufafi, takalma da kayan yau da kullum masu araha. Har aka sami babbar kasuwar 'yan Chaina a unguwar Józsefváros da ke Budapest, babban birnin ƙasar. Wanda ya san yadda zango ke kafuwa a garuruwan da muke zaune, ba sai an yi masa dogon bayani ba. A irin wannan zamani aka haifi Shaolin, ranar 20 ga Nuwamban 1995, sai Shaoang ranar 13 ga Maris 1998, dukansu a Budapest. Mahaifinsu mutumin Tianjin ne, birnin bakin teku da ke kusa da Beijing. Ko sunan babban ma ya nuna gida biyu: Shaolin sunan Chaina ne, Sándor kuma, da ake faɗa Shandor, sunan Hungari.

Da iyo suka fara, sai mura ta riƙa kama su, aka nema musu wani wasan. Abin dariya, masu gudun mura suka ƙare a kan ƙanƙara. Ana nan sai tawagar Chaina ta zo gasa Hungari. Uban ya tsaya musu kamar yadda maimasauki ke tsaya wa baƙin garinsu a zango, ya nuna musu gari, ya sauƙaƙa musu zama. Daga wannan hidima ce aka ba shi shawara ya tura yaran Chaina su sami horo na gaske. Ya kuwa tura su Changchun, a arewa maso gabashin ƙasar, inda sanyi ke ratsa ƙashi. A lokacin babban bai wuce shekara 12 ba. Suka yi fiye da shekara ɗaya a can.

Duk uban da ya taɓa sa ɗansa a mota zuwa gida don karatu ya san abin da ke cikin irin wannan shawara, ya kuma san yadda uwa ke kwana a daren farko. A Changchun yaran suka haɗu da malamar da ta zama ƙashin bayan sana'arsu, Zhang Jing. A can kuma harshen ubansu ya zauna a bakinsu, har da karin mutanen arewa maso gabas, abin da daga baya ya sa 'yan Chaina ke jin daɗin hirarsu a talabijin. A 2012 Hungari ta ɗauko Zhang Jing ta ba ta aikin horar da tawagar ƙasa. Malama ta biyo ɗalibanta har gida.

Ba a daɗe ba aka fara ganin amfani. Shaolin ya je Olamfik na Sochi a 2014 yana ɗan shekara 18. A 2016, a birnin Seoul, ya zama zakaran duniya a mita 500. Shi ne mai barkwanci a cikinsu. Kafin a fara tsere, idan kyamara ta zo kansa, sai ya shafa girarsa ya kashe ido ɗaya. Ƙanen ya fi shi shiru-shiru, kuma shi ne daga baya ya fi tara lambobi.

Daren da aka jira shekara 94

Wasannin 2018 ba su fara wa Shaolin da daɗi ba. A tseren ƙarshe na mita 1,000 ya yi yunƙurin kutsawa ta ciki, ya zame, ya kwashe 'yan Koriya biyu a gaban mutanensu, alƙalai suka hukunta shi. Ɗaya daga cikin waɗanda ya kayar shi ne Lim Hyo-jun, wanda ya ci zinaren mita 1,500 mako ɗaya kafin nan.

Bayan kwana biyar aka zo tseren da muka kalla a otal, a filin Gangneung. Tawagar Hungari ta ƙunshi 'yan'uwan biyu da Viktor Knoch da Csaba Burján. Ana tsakiyar tsere Lim ya sake faɗuwa, Koriya ta fita daga lissafi, aka bar ƙasashe uku. Doka ta ce zagaye biyu na ƙarshe mutum ɗaya ne zai yi su, kuma Shaolin aka bar wa. Ya ƙetare layi a minti 6 da sakan 31.971, sabon tarihin Olamfik. Chaina ta shigo a minti 6 da sakan 32.035. Tazarar ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na sakan ba, ƙiftawar ido ta fi ta tsawo. Kanada ta zo ta uku.

Wannan ne zinaren farko da Hungari ta taɓa samu a wasannin hunturu, shekara 94 bayan zuwanta na farko. Rabin tawagar 'ya'yan baƙo ne, mai horar da su baƙuwa ce, ƙasar da aka kayar kuma ita ce ƙasar uban da ta malamar.

A watan Nuwamban shekarar, a Calgary ta Kanada, Hungari ta kafa tarihin duniya a wannan tsere: minti 6 da sakan 28.625. A wannan karon akwai Cole Krueger a tawagar, haifaffen Amurka. Shi da ƙanensa John-Henry, wanda ya ciyo wa Amurka azurfa a mita 1,000 a Olamfik na 2018, duk sun koma yi wa Hungari wasa. Wato ita ma Hungari tana karɓar 'ya'yan wasu idan sun ƙwanƙwasa mata ƙofa.

A 2021, a garin Dordrecht na Holan, Shaoang ya ci mita 500 a gasar zakarun duniya, ya kuma zama gwarzon gasar baki ɗaya bisa jimillar maki, ɗan Hungari na farko da ya yi haka. Wansa ya ci mita 1,000, ya zo na biyu a jimilla. Mai son ƙorafi zai ce ai Chaina da Koriya ta Kudu ba su je ba saboda annobar korona, kuma gaskiyarsa. Amsar wannan ƙorafi sai a shekara mai zuwa.

Beijing: zinaren da ya suɓuce, da wanda ya zauna

Olamfik na 2022 a Beijing aka yi, ƙasar ubansu. A gida na kalla, a waya, ni da babban ɗana. Ranar 5 ga Fabrairu Hungari ta sami tagulla a sabon tseren karɓa-karɓa na maza da mata a haɗe, bayan Chaina da Italiya.

Ranar 7 ga wata aka yi tseren ƙarshe na mita 1,000. Mutum biyar ne: 'yan Chaina uku, Ren Ziwei, Li Wenlong da Wu Dajing, sai 'yan'uwan biyu. An fara, aka tsayar saboda tarkace a kan ƙanƙara, aka sake farawa. A bakin layi Shaolin da Ren suka yi ta kokawar kafaɗa, Ren ya kama shi da hannu, Shaolin ya miƙa ƙafa ya riga shi taɓa layi, sannan ya faɗi. Ɗana ya yi tsalle. Na ce masa ya zauna tukuna, alƙalai ba su yi magana ba. Da suka gama duba bidiyo sai suka ba Shaolin katin gargaɗi saboda laifi biyu a tsere ɗaya, sauya layi da ya jawo karo da kuma tare hanya da hannu. Aka ba Ren zinare, Li azurfa. Tagullar kuma ta faɗa hannun Shaoang, wanda ya shigo na huɗu. Hungari ta kai ƙara, hukumar wasan ta duniya ta yi watsi da ita.

Ka duba wannan al'amari. Lambar da ta zo wa ƙane, daga faɗuwar wansa ta fito. Duk wanda ya yi kasuwanci da ɗan'uwansa uwa ɗaya uba ɗaya ya san irin wannan rana, ranar da ribarka ta zama asararsa, ka rasa ko murna za ka yi ko jaje.

Bayan kwana shida, ranar 13 ga wata, Shaoang ya shiga tseren ƙarshe na mita 500. Tun daga harbin bindigar farawa ya kama gaba, bai bari kowa ya matso ba har layi. Sakan 40.338. Konstantin Ivliev na Rasha ya zo na biyu, Steven Dubois na Kanada na uku. Babu wanda ya taɓa shi, babu wanda ya taɓa, don haka alƙalai ba su da abin dubawa. Yana ɗan shekara 23 ya zama ɗan Hungari na farko da ya ci zinare shi kaɗai a wasannin hunturu. A watan Afrilu, a Montreal, ya haɗa mita 500 da 1,000 da 1,500 duk ya cinye, ya sake zama gwarzon duniya.

Ga lissafin a taƙaice. Zuwa ƙarshen wasannin 2022, lambobin Hungari a duk tarihin Olamfik na hunturu guda 10 ne. Huɗu daga ciki da hannun Shaoang. Zinare biyu ne, kuma dukansu da sunan Liu a jiki.

Sai suka nufi gidan uba

A cikin 2022 Zhang Jing ta koma gida ta karɓi aikin horar da tawagar Chaina. A watan Nuwamba hukumar wasan ta Hungari ta sanar cewa 'yan'uwan biyu sun nemi izinin sauya ƙasa. Sauya ƙasa a wannan wasa yana da farashi. Sun rasa kakar wasa guda ta gasannin duniya suna jira. Dokar Chaina kuma ba ta yarda mutum ya riƙe ƙasa biyu ba, wanda ya shiga sai ya ajiye ta baya. A 2023 suka fara yin wasa da sunan Tianjin, garin mahaifinsu, sannan suka sa rigar Chaina. A Hungari wasu sun ji zafi, wasu sun yi musu fatan alheri.

A watan Maris na 2024, a Rotterdam, Chaina ta ci zinaren duniya a tseren karɓa-karɓa na mita 5,000. A tawagar akwai Shaolin da Shaoang, akwai kuma wani mai suna Lin Xiaojun. Ba kowa ba ne illa Lim Hyo-jun, ɗan Koriyar nan da Shaolin ya kwashe a 2018, wanda shi ma ya koma ɗan Chaina ya sauya yadda ake kiran sunansa. Mutanen da suka yi karo a rigunan ƙasashe biyu, ga su suna tura juna a riga ɗaya.

Rigimar gidana

A watan da labarin sauya ƙasarsu ya fito, gidana ba lafiya. Babban ɗana ya gama sakandare. Na riga na yi magana da ƙanena cewa zan tura shi Kano ya zauna a shagonsa a Kantin Kwari, ya koyi sana'a, ya san dangi, in Allah Ya so ya yi aure a can. Yaro ya ce a'a. Ya ce, "Baba, ni a nan aka haife ni, a nan abokaina suke. Katin ɗan ƙasa na Gana zan yanka, in ci gaba da karatu." Maganar ta yi mini zafi ƙwarai. Na yi mako biyu ba na amsa masa komai sai gaisuwa.

Wata rana bayan sallar Isha'i ina duba waya, na ga labarin 'yan'uwan. Na ce a fili, "Kai, wannan butulci ne. Ƙasar da ta haife ku, ta raine ku, ta kashe muku kuɗi, rana ɗaya ku juya mata baya?"

Uwargida tana ninke kaya. Ba ta ko ɗago ba ta ce, "Alhaji, ni fa ban gane ba. Waɗancan sun bar ƙasar uwa sun tafi ta uba, ka ce butulci. Naka ya ce zai zauna a ƙasar uwarsa, ka ce ya watsar da asali. To wanne kake so yaro ya yi?"

Na buɗe baki, ban sami abin faɗa ba. Yaron yana bakin ƙofa, ashe yana ji. Ya ce, "Baba, ka yi haƙuri. Amma da Iñaki Williams ya zaɓi Gana, ai har tafi ka yi. Ƙanensa Nico yana yi wa Sifen wasa, kuma ba ka taɓa zaginsa ba." Lokacin ana dab da fara gasar kofin duniya ta Qatar, kowa a Kumasi maganar da yake yi ke nan.

A daren na kasa barci. Na tuna ni ma ina da shekara 22 na baro gidan mahaifina, yana so in zauna, na ce arzikina yana kudu. Bai tsine mini ba. Addu'a ya yi mini, ya ba ni sunan mutumin da zan sauka a wurinsa. Na kuma gane cewa abin da nake kira kishin asali, rabinsa son raina ne: ina so yaron ya zaɓe ni.

Har gobe ina ganin 'yan Hungari suna da hujjar jin zafi. Ƙaramar ƙasa ce, ta zuba jari a kan yara biyu, suka tafi suna kan ganiyarsu. Amma da na sa lissafin a sikeli irin na kasuwa, sai na ga ba su tafi da bashi ba. Abin da ƙasar ta nema shekara 94 ba ta samu ba, sun kawo mata har sau biyu. Littafin tarihin Olamfik kuma ba ya sauya fasfo. A gaban tseren 2018 da na 2022, sunan Hungari ne a rubuce, kuma haka zai zauna.

Abin da ya rage a hannun iyaye

Idan na duba labarin daga farko, abin da uban yaran nan ya ba su ba kuɗi ba ne kawai. Ya ba su harshe, ya kuma haɗa su da mutanensa tun suna ƙanana. Harshen ne ya sa suka iya zama a Changchun, shi ya sa suka fahimci malamarsu, shi ya sa ƙofar Chaina ta buɗe musu a ranar da suka so shiga. Uwar kuma ta ba su ƙasar da suka yi suna a cikinta. Da ɗaya ya hana su rabon ɗaya, da ba mu ji labarinsu ba.

Mu da ke zaune a Kumasi, Accra, Kwatano, Lome, Yawunde ko Njamena, da yawanmu muna sakaci da abu biyu. Na farko harshe. Wani yana fushi idan ɗansa ya yi Twi ko Faransanci a gida, wani kuma ya bar Hausar ta suɓuce wa yaro har ya kasa gaida kakarsa a waya. Duka biyun asara ce. Yaron da ke iya ciniki da Twi a Kejetia, ya ɗaga waya ya yi ciniki da Hausa a Kwari, ya riga ya sami jarin da ba a sace shi.

Na biyu takardu. Manyanmu a Gana ba su manta 1969 ba, lokacin da gwamnatin Busia ta umarci baƙi marasa takardu su fice. 'Yan Gana su ma ba su manta 1983 ba, da Najeriya ta yi irin haka. Dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Najeriya ta yarda wanda ya zama ɗan ƙasa ta hanyar haihuwa ya riƙe wata ƙasar, kuma ɗan da aka haifa a waje yana da wannan haƙƙi idan ɗaya daga iyayensa ɗan Najeriya ne. Gana ita ma ta yarda da riƙe ƙasa biyu, amma haihuwa a ƙasar kaɗai ba ta isa ba, ana duba iyaye da kakanni. Kamaru kuwa, kamar Chaina, ba ta yarda babba ya riƙe biyu ba. Don haka a yi wa yaro takardar haihuwa tun yana jariri, a adana ta kamar yadda ake adana takardar shago, a kuma je ofishin jakadanci a yi tambaya kafin ya kai shekara 18. Hausawa sun ce gida biyu maganin gobara, amma sai in kana da mabuɗin kowanne.

Ni dai washegari na kira yaron bayan sallar Asuba. Na ce ya je ya yanki katinsa na Gana, ya yi karatunsa. Sharaɗina ɗaya: zai yi fasfon Najeriya shi ma, kuma duk dogon hutu zai tafi Kano wurin baffansa. Ya amince. Zuwansa na farko ya dawo yana ba ƙannensa labarin yadda 'yan kasuwa suka riƙa yi wa Hausarsa dariya, har suka sa masa suna Ɗan Kumasi. Zuwansa na biyu shi ya ƙulla mana cinikin atamfa da ban taɓa tunanin shiga ba. Inda zai kafa gidansa, wannan yana wurin Allah.

Ranar da aka yi tseren Rotterdam, shi ya turo mini bidiyon daga makaranta. A ƙasa ya rubuta, "Baba, ga mutanenka." Na kalla sau uku, ina duba daidai wurin da ɗaya ke shigowa ya sunkuya, na baya ya sa hannu biyu ya tura shi gaba, sannan ya koma gefe yana haki.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya sa su zama masu amfani a duk ƙasar da rabonsu yake.